Daga Jarkar Fetur zuwa Kifin Kwara: Me Ya Sa Wani Alkohol ke Bin Ruwa, Wani Ya Ƙi?

A Bahindi da sauran garuruwan ƙaramar hukumar Bagudo, fetur mai yawa yana isa hannun mai saye ne a jarka da galan da kwalba. Iyakar Jamhuriyar Benin na nan kusa, ta Tsamiya a ɓulla Segbana, kuma shekara da shekaru man Najeriya mai rahusa ya yi ta tsallakawa can, inda ake kasa shi a bakin titi da sunan kpayo. A Nuwamban 2019 hukumar kwastan ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, sai 'yan bumburutu suka zama madogarar ƙauyuka da dama. Janye tallafi a ranar 29 ga Mayu, 2023 ya tayar da farashi, amma jarka tana nan daram. Mai kabu-kabu daga gare ta yake sha, haka mai injin niƙa da mai jirgin ruwa mai inji. Manomin shinkafar rani kuwa ya fi kowa, domin tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Banki a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015, fadamun jihar suka cika da ƙugin injin ban ruwa.

Duk waɗannan mutane sun san kuka guda: mai ya sha ruwa. Inji ya fara tari, ya mutu, bakanike ya kwance kafireta ya tsiyaye abin da ke cikinta a murfin gwangwani, sai ga ruwa kwance ƙarƙashin fetur. Tsantsar fetur ba ya shan ruwa sai ɗan abin da ba a rasa ba. Ɗigon da ya faɗa masa dunƙulewa yake yi ya nutse, tas da shi. Amma akwai lokacin da abin da ke ƙasan ya fi ruwan da ya shiga yawa, ya yi dishi-dishi, yana da wari mai kaifi. To a nan wani abu ne ya bar fetur ɗin ya bi ruwa ƙasa, kuma sau da yawa wannan abu ɗan gidan alkohol ne.

Alkohol dangi ne babba, wanda ke cikin giya ɗaya ne kawai daga cikinsu. Kowane ɗan gidan yana da sassa biyu. Akwai kai, wato ƙwayar oksijin ɗaya riƙe da haidirojin ɗaya, abin da littattafan kimiyya ke rubutawa OH. Akwai kuma wutsiya, sarƙar ƙwayoyin kabon da haidirojin ya lulluɓe. Kai iri ɗaya ne a wurin kowa, a wutsiya ake bambanta. Metanol kabon ɗaya gare shi, etanol biyu, furofanol uku, butanol huɗu, fentanol biyar, heksanol shida, a haka har a wuce talatin.

Ukun farko ba su da iyaka da ruwa. Ko cokali aka zuba a randa, ko randa aka juye a kan cokalin ruwa, za su gauraye su zama abu ɗaya. A kabon na huɗu labari ke juyawa. A yanayin zafin ɗaki, giram 100 na ruwa ba ya ɗaukar fiye da giram 7 zuwa 8 na butanol, sauran ya taso sama ya kwanta. Fentanol wajen giram 2.2 ne, heksanol 0.6, heftanol bai kai 0.2 ba, oktanol mai kabon takwas wajen 0.05. Idan aka mayar da lissafin kan jarka mai lita 25 cike da ruwa, za ta shanye kusan kilo biyu na butanol, giram 150 na heksanol, giram 13 ko makamancin haka na oktanol, dekanol mai kabon goma kuwa ko giram ɗaya ba za ta kai ba. Abin lura shi ne tsarin da faɗuwar ke bi. Kowane kabon da aka ƙara yana rage narkewar da ninki uku zuwa huɗu, ba ya saɓawa.

Dalilin yana cikin halin ruwa kansa. Ƙwayar ruwa oksijin ɗaya ce da haidirojin biyu, kuma oksijin tana janye ƙwayoyin lantarki zuwa ɓangarenta, sai gefe ɗaya ya ɗan zama mai cajin ragi, ɗayan mai cajin ƙari. Saboda haka haidirojin ɗin wannan ƙwaya yakan maƙale wa oksijin ɗin waccan. Wannan maƙalewa ita ake kira ɗaurin haidirojin, kuma ƙwayar ruwa guda tana iya riƙe maƙwabta har huɗu. Kan alkohol ya iya wannan riƙo, tunda shi ma OH ne, rabin ruwa ke nan. Wutsiya ba ta iya ba. Kabon da haidirojin kusan daidai suke raba lantarkinsu, babu gefen da ruwa zai kama. Abin ya yi kama da kwale-kwalen ranar kasuwa da ya cika maƙil. Fasinja mai ɗan ƙunshi a hannu, ana muskutawa ya zauna. Wanda ya zo da doguwar azara a kafaɗa kuwa, ko ɗan gari ne da kowa ya sani, shigarsa na nufin kowa ya takura ya kasa motsi, shi ya sa ake barinsa a gaɓa.

Wannan takura ita ce zuciyar maganar, kuma bayanin da aka saba yi wa ɗaliban sakandare yakan tsallake ta. Ana ce musu wutsiya tana tsinka ɗaurin ruwa ba tare da ta biya da sabon ɗauri ba. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ta cika ba. Tun a 1945 masana biyu, Henry Frank da Marjorie Evans, suka nuna cewa ƙwayoyin ruwa ba sa yarda su yi asarar ɗaurinsu da sauƙi. Maimakon haka sai su jeru a kewayen wutsiyar cikin tsari, su rage juye-juyen da suka saba. A zafin ɗaki, wannan asarar walwala ita ce babban kuɗin da ruwa ke biya, kuma kowane ƙarin kabon ƙarin fili ne da dole a kewaye. Kai ɗaya yana iya biyan kuɗin kabon uku. Daga huɗu ya fara gazawa.

Ana iya jin ƙarfin riƙon da ke tsakanin ruwa da gajeren alkohol da tafin hannu. In aka haɗa mililita 50 na etanol da 50 na ruwa, kwalbar takan ɗan yi ɗumi, kuma abin da za a samu wajen mililita 96 ne, ba 100 ba. Sun matsu da juna har sun rage wuri.

Sai dai ƙidayar kabon kaɗai ba ta yanke hukunci. Siffar wutsiya ma tana da ta cewa. Butanol iri huɗu ne, duk kabon huɗu-huɗu. Mai miƙaƙƙiyar sarƙa shi ne na giram 7 zuwa 8, amma wanda kabon ɗinsa suka dunƙule a kewayen kai yana gauraya da ruwa ba iyaka, domin dunƙulalliyar wutsiya ba ta cin fili. Yawan kai kuwa ya fi komai tasiri. Heksanol da gulukos duk kabon shida ne. Heksanol kai ɗaya gare shi, ruwa ba ya ɗaukar giram ɗaya ma. Gulukos yana da OH biyar, giram 100 na ruwa na shanye kusan giram 90 nasa. Sukarin da mai shayi ke zubawa kabon goma sha biyu ne da OH takwas, shi ya sa yake ɓacewa a kofi tun kafin a gama juya cokali. Abin da ruwa ke dubawa shi ne kabon nawa kowane kai ke ja.

Yanzu a juya tsabar. Fetur tarin wutsiyoyi ne marasa kai, sarƙoƙi masu kabon huɗu zuwa goma sha biyu. Duk abin da ya sa alkohol ya ƙi ruwa shi ke sa ya so fetur. Metanol, da yake kusan duk jikinsa kai ne, zaman haƙuri yake yi a cikin mai. Da ɗan ruwa ya shigo, sai ya saki fetur ya rungumi ruwan, su nutse tare. Etanol ya fi shi juriya. Fetur mai kashi 10 na etanol yana iya ɓoye ruwa kusan rabin kashi ɗaya cikin ɗari, wato wajen mililita 125 a jarka mai lita 25, ba a ga komai ba. In aka haura haka, ko sanyin hunturu ya sauko da dare, sai man ya rabu biyu. Na ƙasa ruwa ne da alkohol, kuma daga ƙasan tanki inji ke zuƙa. Na sama fetur ne da ya rasa wani ɓangare na ƙarfinsa na jure matsi, sai inji ya riƙa ƙwanƙwasa. Durom ɗin da aka bari rabi da damina, murfi a sake, yana shaƙar raɓa dare da rana, kuma gajeren alkohol da kansa yana janyo laima daga iska.

Najeriya ta ɗanɗana wannan a babban sikeli. A 2008 an shigo da fetur mai etanol fiye da ƙima, motoci suka lalace a Legas. A Fabrairun 2022 hukumar NMDPRA ta sanar da gano metanol da ya wuce ƙa'ida a man da aka shigo da shi, kuma shugaban NNPC na lokacin, Mele Kyari, ya bayyana cewa jirage huɗu ne daga tashar Antwerp ta Beljiyam. Ya kuma faɗi abin da ya kamata ya tayar wa kowa hankali, cewa gwajin da aka saba yi a tashar lodi da ta sauke kaya bai haɗa da auna metanol ba. Janye man daga kasuwa ya jawo dogayen layuka a Legas da Abuja na makonni. Ban da rabuwa da ruwa, metanol yana cin roba da wasu ƙarafan cikin inji. In har irin wannan mai ya wuce idon masu ɗakin gwaji a Apapa, babu abin da zai tare shi idan ya kai kwalbar bakin hanya a Ka'oje ko Illo.

Akwai gwajin da ba ya buƙatar komai sai kwalba garai-garai, kuma matuƙan ƙananan jiragen sama sun daɗe suna yin sa. A zuba ruwa kamar kashi ɗaya cikin goma na kwalbar, a yi layi da biro daidai inda ya tsaya. A cika da fetur, a rufe, a girgiza sosai, a ajiye nesa da wuta na 'yan mintoci. Idan ruwan ya koma kan layinsa, babu gajeren alkohol a ciki. Idan ya haura layin, to ya janyo wani abu daga cikin man, kuma tsawon haurawar yana nuna kimanin yawansa. Gwajin ba ya bambance metanol da etanol, amma yana raba gardama tsakanin mai saye da mai sayarwa, kuma ya cancanci kowane shagon bakanike ya san shi.

Maganar ta shafi Kebbi ta wata fuskar. Tun 2007 Najeriya ke da manufar gauraya kashi 10 na etanol a fetur, kuma a 2017 NNPC da gwamnatin jihar suka sa hannu kan yarjejeniyar samar da etanol daga amfanin gona. Tunanin ba shi da laifi. Birazil ta fara nata shirin a 1975, a 2015 gaurinta ya kai kashi 27, motocinta na tafiya lafiya. Amma can mai yana tafiya daga rufaffen tanki zuwa rufaffen tanki. Duk wanda zai kawo irin wannan mai yankin da ake ajiyarsa a durom, ana auna shi da mazurari a filin Allah, dole ya fara da batun ajiya kafin batun gona. Wannan ne ya sa wasu injiniyoyi ke kallon butanol. Wutsiyarsa ta kabon huɗu tana riƙe shi a cikin fetur ko da ruwa ya shigo, kuma ƙarfin da ke cikin litarsa ya kusa na fetur, alhali na etanol wajen kashi biyu cikin uku ne, na metanol rabi. Ba sabon abu ba ne, domin tun lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya Chaim Weizmann ya samo hanyar fitar da shi daga sitaci ta amfani da ƙwayoyin bakteriya. Tsadar tace shi ce ta hana shi yaɗuwa.

Gaurayar da ba ta da iyaka tana da amfani, tana da haɗari. Amfanin kowa ya gan shi a 2020. Ruwan goge hannu na tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya kashi 80 etanol ne, ko kashi 75 aisofurofanol, da ɗan gilisarin, sauran kusan duk ruwa ne. Ruwan da ke ciki ba algus ba ne. Shi ke taimaka wa alkohol ya lalata furotin ɗin ƙwayar cuta, ya kuma hana shi bushewa nan take. Da doguwar wutsiya aka yi amfani, da kwalbar ta rabu biyu a kan kanta.

Haɗarin kuwa shi ne abin da ya narke sarai ba ya nuna kansa. Fentanol da ke fitowa wajen dafa barasa, in ya yi yawa aka tsarma da ruwa, yakan tashi sama kamar mai, masana'antun etanol ma ta haka suke kwashe shi. Metanol ba ya tashi, ba ya canza launi, warinsa da na etanol kusan ɗaya. A jiki hanta ke mayar da shi fomaldihaid, sannan asid ɗin fomik mai kashe jijiyar ido. Mililita 10 na iya makantar da mutum, 30 na iya kashewa. A Afrilun 2015 mutum 18 suka mutu cikin 'yan kwanaki a Ode-Irele ta jihar Ondo bayan shan ogogoro mai metanol, a watan Yuni kuma gommai suka bi su a jihar Ribas. Wanda ba ya shan giya bai kamata ya ɗauka ya tsira ba, domin sifirit ɗin da mai aski ke goge kai da shi a wasu lokuta etanol ne da aka sa wa metanol da gangan, kuma ajiye shi a gorar ruwan sha inda yara ke kaiwa ganganci ne. Mafi ciwo shi ne labarin dayetilin gilaikol, mai kai biyu, mai zaƙi, mai narkewa a ruwa kamar gilisarin. Shi aka samu a maganin haƙoran jarirai na My Pikin a 2008, yara 84 suka rasu. Irinsa ne ya hallaka yara kusan 70 a Gambiya a 2022. Babu uwar da za ta gane shi da ido ko da harshe. Aikin ɗakin gwaji ne, shi ya sa maganin ruwa da ya tsallako iyaka ba lambar NAFDAC ba abin ba yaro ba ne, komai arharsa.

A ɗaya ƙarshen sarƙar, dangin sun canza kama har ba a gane su. Alkohol mai kabon goma sha biyu, wanda ake samu daga man ƙwarar manja da man kwakwa, daskarewa yake yi da sanyin safiya. Setil mai kabon goma sha shida farin kaki ne da ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 49. Michel Chevreul na Faransa ne ya fara fitar da shi a 1817 daga kitsen kan wata babbar dabbar teku, yau kuwa daga man itatuwa ake yin mafi yawansa. Shi ne ke sa man shafawa ya yi kauri, yana taimakawa wajen riƙe mai da ruwa a gwangwani ɗaya, kai a ruwa, wutsiya a mai. Mata da yawa kan ajiye man shafawa a kanti da zarar sun ga sunansa a jikin roba, suna tsoron giya ce. Hukuncin shari'a na malamai ne, amma ya kamata su yanke shi bisa sanin cewa setil ba ya bugarwa, ba a shan sa, ba ya ko narkewa a ruwa. Ya fi kusa da kakin zuma, wanda shi ma yake ɗauke da alkohol mai kabon talatin, fiye da abin da ke cikin kwalbar burkutu.

Irin wannan kaki ne a bayan ganye, shi ke sa ruwan feshi ya dunƙule ya gangare. Masu haɗa maganin ciyawa sukan ɗauki alkohol mai kabon goma sha biyu zuwa goma sha biyar su ƙara wa kansa girma har ya iya jan wutsiyar cikin ruwa, sai a sami sinadarin da ke shimfiɗa feshi a kan ganye. Danginsa ne ke cikin garin sabulun wanki. A Ostireliya, a shekarun 1950, an ma gwada shimfiɗa setil a saman madatsun ruwa don rage ƙafewa. Ya yi aiki a ruwa mai kwanciya, iska ce ta riƙa yayyaga shimfiɗar.

Oktanol, mai kabon takwas, shi ya sami aiki mafi nauyi. Da yake ba ya gauraya da ruwa, kuma yana da kai da wutsiya kamar kitsen da ke kewaye da ƙwayoyin jikin mai rai, sai Corwin Hansch da Toshio Fujita suka mayar da shi ma'auni a 1964. Ana zuba ruwa da oktanol a kwalba ɗaya, a sa sinadarin da ake son gwadawa, a girgiza, a auna inda ya fi taruwa. Har yau da wannan ake hasashen yadda magani zai ratsa jiki, da yadda guba za ta taru a cikin dabba. Etanol ya ɗan fi karkata ga ruwa, shi ya sa ba ya taruwa a kitse, jiki kuma yana rabuwa da shi cikin sa'o'i. Lindan, sinadarin da ke cikin maganin ƙwari na gamalin, yana taruwa a oktanol ninki kusan dubu biyar a kan ruwa. DDT kuwa ninki miliyoyi.

Wannan lissafi ya shafi duk wanda ke cin kifin kogin Kwara, daga Lolo inda kogin ke shigowa Najeriya har Yawuri. An daɗe ana kokawa a ƙasar nan kan masu zuba gamalin a ruwa don kifi ya taso, kuma a 2009 an sa lindan cikin jerin sinadaran da yarjejeniyar Stockholm ta haramta. Mai zubawa yana ganin kogi babba ne, zai tafi da gubar. Ma'aunin oktanol ya nuna akasin haka. Sinadarin da ke gudun ruwa neman kitse yake yi, ya shige jikin ƙaramin kifi, babba ya cinye ƙarami ya gaji abin da ke cikinsa, daga nan sai tukunya, har nonon uwa. Wanki ba ya fitar da shi, banda ma ba ta ƙone shi. Sarakunan ruwa da shugabannin masunta su ne ke da ikon da doka daga Abuja ba ta da shi a bakin gaɓa, kuma ya dace su hana wannan sana'a a ruwansu, su kuma hana wanke tankin feshi a cikin kogi.